Gatarin Kawu da Na'urar Eksire: Me Ake Gani a Cikin Ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin fiziks ne a ajin ƙarshe, a Tudun Wada nake zaune. Kawuna maƙeri ne a Panteka, da sifirin mota yake ƙera gatari da fartanya. In ya tsoma bakin gatari a ruwa yana yin tauri sosai, amma wani sa'in sai ya tsage. In kuwa a baƙin mai ne, bai cika tsagewa ba. Ina so in yi furojet ɗina a kan wannan, sai malamin da ke duba ni ya ce in je in yi XRD da SEM. Gaskiya ban san abin da za su nuna mini ba. Ta yaya ma ake sanin yadda ƙwayoyin zarra suke jere a cikin ƙarfe, alhali ba wanda ya taɓa ganinsu da ido?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah Ya yi wa kawunka albarka, shi ya ba ka furojet tun kafin makaranta ta ba ka. Abin da yake yi a bakin wuta kullum safiya shi ne abin da masu binciken daskararrun abubuwa suka yi fiye da shekara ɗari suna warwarewa. Malaminka bai yi kuskure ba da ya ambaci na'urorin nan biyu, wato XRD, mai gano jerin zarra da eksire, da SEM, madubin ilektiron, sai dai ya gaya maka sunan likita bai gaya maka ciwon da za ka kai masa ba. Na sha ganin ɗalibi ya haɗa kuɗi da ƙyar, ya kai gutsuren ƙarfe ɗakin gwaji, ya dawo da takarda mai zane-zane ya manna a babi na huɗu, shi bai san me ta ce ba, mai duba shi ma ya wuce ta. Ba na so ka bi wannan hanyar. Kowace na'ura tambaya ɗaya ta iya amsawa. In ka yi mata wata daban za ta ba ka lamba dai, amma lambar da ba ta da alaƙa da gatarin kawu.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce gindin sauran.

Tsakanin ƙwayar zarra ta ƙarfe da maƙwabciyarta akwai wajen nanomita 0.25, kuma ka san nanomita miliyan ɗaya ne ke cika milimita guda. Hasken da idonmu ke gani kuwa tsawon igiyarsa daga nanomita 400 ne zuwa 700. Neman ganin zarra da irin wannan haske daidai yake da tsintar ƙwayar acca da shebur. Ko wane irin gilashi ka goge, madubin likita na haske ba zai raba maka abubuwa biyu da ke kusa da juna fiye da wajen nanomita 200 ba. Dole sai an samo haske mai gajeriyar igiya, wadda ta yi kusan tsayi ɗaya da tazarar da ake son aunawa.

Wannan hasken shi ne eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, shi ne dai wanda ake ɗaukar hoton karaya da shi a asibiti. A 1912, a birnin Munik, Max von Laue ya ba da shawara, Walter Friedrich da Paul Knipping suka harba eksire ta cikin wani shuɗin kiristal na gishirin jan ƙarfe, suka ajiye farantin hoto a bayansa. Da aka wanke farantin sai ga ɗigo-ɗigo a warwatse cikin tsari. Gwaji ɗaya ya kashe tsuntsu biyu: ya nuna eksire igiya ce, ya kuma nuna ƙwayoyin kiristal a jere suke, ba a hargitse ba. Wanda ya mai da ɗigon nan ma'auni shi ne wani matashi a Ingila, Lawrence Bragg, tare da mahaifinsa William Bragg. A 1913 suka fito da tsarin gishirin miya, aka ga kowace ƙwayar sodiyam tana kewaye da ƙwayoyin kilorin shida, tazarar nanomita 0.282 tsakaninsu. Uba da ɗa suka karɓi kyautar Nobel tare a 1915, ɗan yana da shekara 25.

Yadda abin yake aiki ba wuya. Ka taɓa wucewa a mota ta gefen gonar mangwaro da aka dasa a layi? Yawancin lokaci duhun itatuwa kawai kake gani, sai can ka iso wata kusurwa layukan su daidaita, ka hango ƙarshen gona, sannan su sake rufewa, sai wata kusurwar kuma. Da za ka rubuta kusurwoyin da gonar ta buɗe maka, za ka iya lissafa tazarar dashen ba tare da ka sauka daga mota ba. Kiristal ma haka yake, ƙwayoyinsa sun yi hawa-hawa ta fuskoki da dama. Eksire da ya dawo daga hawa na farko da wanda ya dawo daga na biyu ba su yi tafiya ɗaya ba. In bambancin tafiyar ya cika igiya guda cif, ko biyu, ko uku, sai su haɗa ƙarfi, na'ura ta zana tsini a takarda. In bai cika ba su kashe juna. Shi ne dokar da ka haddace don jarrabawa, nλ = 2d sinθ, inda λ tsawon igiya ne, d tazarar hawa, θ kusurwa, n kuma yawan igiyoyin da suka cika. Gwada ta da kanka. Ƙwayoyin ƙarfe a jere suke kamar akwatuna, gefen akwati ɗaya nanomita 0.2866 ne, hawan da ya fi cunkoso tazararsa 0.2027. Bututun eksire na jan ƙarfe yana ba da igiya mai tsawon 0.154. Latsa kalkuleta, za ka ga θ ta fito digiri 22.3, wato tsinin zai bayyana a 44.7 a kan takardar, tunda ninkin kusurwar ake rubutawa. Duk inda ka kai tsurar ƙarfe a duniya nan za ka same shi. Saboda haka ba ganin zarra muke yi ba, kusurwa muke aunawa mu yi lissafi mu koma baya.

Yanzu mu shiga maƙera. A yanayin sanyi ƙarfe yana jera kansa kamar akwati, ƙwaya a kowace kusurwa takwas, ɗaya kuma a tsakiyar ciki. Wannan ake ce wa ferait. In ya yi zafi ya kai digiri 912 a ma'aunin Salshiyas, tsurar ƙarfe yana sake jeri tun bai narke ba: kusurwoyi suna nan, amma maimakon ta tsakiyar ciki, sai a sami ƙwaya a tsakiyar kowace fuska shida. Wannan ostenait. Abin mamakin shi ne jeri na biyu ya fi matsewa, amma ramukan da ke tsakanin ƙwayoyinsa sun fi faɗi. To ramukan nan su ne masaukin kabon, sinadarin gawayi. Ferait ba ya iya ɗaukar kabon fiye da wajen kashi 0.02 cikin ɗari, ostenait kuwa yana shanye har kusan kashi 2. Sifirin mota galibi yana da kabon kashi 0.5 zuwa 0.6, da ɗan manganis, da kiromiyam ko silikon. Da kabon a ciki ba sai an kai 912 ba, sauyin yana farawa tun daga 727, kuma masu wannan sana'a sukan kai irin wannan ƙarfe 830 zuwa 850 kafin su tsoma.

Ga wata dabara da za ka gwada da kawu. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770. Ka ɗaura ɗan maganaɗisun tsohuwar sifika a waya, ka riƙa taɓa gatarin yana cikin zuga. In ya daina kamawa, saura ƙiris a isa inda ake so. Ina kyautata zaton za ka tarar idon kawu ya riga maganaɗisun sani, don jan da yake jira ya gani shi ne wannan zafin.

In aka bar ƙarfen ya huce a hankali, ko a toka ko a iska, kabon yana samun lokacin ƙaura. Ostenait ya rabu gida biyu, ferait mai laushi da wani haɗi mai tauri na ƙarfe uku kabon ɗaya da ake kira simentait, su kwanta hawa-hawa siri-siri, ana ce wa wannan shimfiɗa falait. Magagari yana cin irin wannan ƙarfen ba gardama. In kuwa aka tsunduma shi a ruwa, jerin yana son komawa irin na sanyi amma kabon bai sami damar fita ba. Kamar a rufe ƙofar kasuwa ba shela, a kuma ce rumfunan su tsuke alhali baƙi suna ciki. Akwatin ya koma mai ƙwaya a tsakiya, amma ya miƙe ta gefe ɗaya saboda kabon da ya maƙale. A ƙarfe mai kabon 0.6, dogon gefen ya fi gajeren da kusan kashi 3 cikin ɗari. Wannan shi ne matensait, an sa masa sunan wani Bajamushe masanin ƙarfe, Adolf Martens. Shi ne taurin da kawunka yake nema.

Me ya sa jeri mai matsi yake da tauri? Nan ne wurin da na fi so a duk ilimin. Da aka fara lissafa ƙarfin da ake bukata a zame hawa ɗaya na zarra a kan ɗan'uwansa gaba ɗaya, sai lissafi ya ba da ninki ɗaruruwa na abin da ake samu a gwaji. Wato ƙarfe na gaske ya fi na takarda laushi nesa ba kusa ba. A 1934 mutum uku, Geoffrey Taylor da Egon Orowan da Michael Polanyi, kowa da kansa, suka ce ai hawan ba ya zamewa gaba ɗaya. Ka duba sahu a masallaci in giɓi ya buɗe a tsakiya. Ba a ɗaga mutum hamsin a tura su lokaci guda. Na kusa ya matsa taku ɗaya, na gefensa ya bi, giɓin ya yi ta tafiya har ya fita ta ƙarshen sahu, kowa ya gusa ba wanda ya ji jiki. A cikin ƙarfe akwai irin wannan layin aibi da ke tafiya ta cikin jeri, kuma tafiyarsa ita ce lanƙwasa. Kowace dukan masaba a kan uwar maƙera dubban miliyoyinsu take korawa. Sai a 1956 aka gan su suna motsi a madubin ilektiron, a Kambirij, a aikin Peter Hirsch da abokansa. Shekara 22 ke nan ana magana a kan abin da ba a gani ba. A matensait kabon da ya maƙale da matsin da ya haddasa sun toshe wa aibobin nan hanya. Ba sa iya tafiya, don haka ƙarfen ba ya lanƙwasa. Abin da kuwa ba ya iya lanƙwasa, in aka matsa masa karyewa yake yi.

Tsagewar da ka tambaya daga nan take. Matensait ya fi ostenait cin wuri, kumburin yana kai wajen kashi 4 cikin ɗari, kuma a irin ƙarfen sifirin ba ya fara samuwa sai zafi ya sauko ƙasa da digiri 300. A ruwa, fatar gatari da bakinsa siriri su ne ke fara hucewa, su zama ƙwarya mai tauri, ciki kuwa da gindi mai kauri suna nan da zafi. Can daga baya cikin ya juye, ya kumbura, ya tura ƙwaryar da ta riga ta sandare. Shi ya sa wani lokaci ba a cikin ruwan ake jin ƙaran ba, sai an fitar an ajiye. Ruwa yana da wani halin kuma: tururi yana lulluɓe ƙarfen ya yi masa riga, rigar ta yage a wani wuri ta rage a wani, sai gefe ɗaya ya riga ɗaya hucewa. Mai yana janye zafi a hankali, musamman a ƙasa-ƙasan nan da matensait ke samuwa, don haka ciki da waje suna juyewa kusan tare. Kiromiyam da manganis kuwa suna jinkirta samuwar falait, shi ya sa sifirin yake yin tauri ko a mai. Rodin gini mai ƙarancin kabon ko a ruwan ƙanƙara ka jefa shi ba zai yi bakin gatari ba.

Ka lura ko kawu yana mai da gatarin gefen wuta bayan tsomawa, yana kallon launin da ke bin bakin. Launin busasshiyar ciyawa wajen digiri 230 ne, shuɗi wajen 300. Ɗumin yana ba kabon damar fitowa kaɗan ya zama ƙananan ƙwayoyi, matsi ya ragu, a sayar da ɗan tauri a sayi juriya. Launin kansa siririyar fatar tsatsa ce da haske ke karo da kansa a cikinta, irin abin da kuka karanta a aji biyu game da mai a kan ruwa.

To duk wannan bayani ne. Furojet kuwa shi ne ka nuna cewa haka abin yake a gatarin kawu, ko ka nuna ba haka ba ne. Nan ake shiga maganar na'urori, kuma ni ba da XRD zan fara ba.

Fara da sanin me ke cikin sifirin ɗin, domin sifirin suna ne na aiki, ba na sinadari ba, na tirela daban na ƙaramar mota daban. Na'urar da ke auna kabon a ƙarfe ita ce mai ƙona tabo da tartsatsin lantarki ta karanta launukan hasken, ko kuma mai ƙona ɓarɓashin ƙarfen ta auna iskar da ta fita. Na'urar eksire ta gano sinadarai, irin wadda ake auna ma'adinai da ita, za ta gaya maka kiromiyam da manganis amma kabon ya yi mata sauƙin nauyi. Kada kowa ya karɓi kuɗinka a kan zai ba ka kabon da ita.

Sannan madubin haske, wanda ɗalibai ke rainawa saboda ba shi da suna mai ban tsoro. Da shi Henry Sorby ya fara ganin cikin ƙarfe a Shefild a wajen 1863, kuma har gobe shi ne rabin aikin. Ka yanka gutsure kana zuba ruwa, don in wurin ya yi zafi har ya canza launi ka riga ka ɓata abin da za ka duba. Ka goge da samfefa daga mai kaushi zuwa lamba 1200, kana juya gutsuren duk lokacin da ka sauya takarda har zanen ta baya ya ɓace, sannan ka ƙarasa da garin alumina har ka ga fuskarka. Daga nan ka shafa ruwan cin ƙarfe, asid na naitirik kashi 2 cikin barasar ɗakin gwaji, daƙiƙa kaɗan, ka wanke ka busar. Asid ake zubawa cikin barasa, ba a juyawa, kuma a gaban mai kula da ɗakin za ka haɗa. A ninki 100 zuwa 500 za ka ga abin da ya yi kama da gonaki in an hango su daga jirgi, kowace gona kunyoyinta sun fuskanci wani gefe, da iyaka tsakaninsu. Kowace gona kiristal ɗaya ce. Ferait fari, falait duhu-duhu, matensait kamar an watsa allurai. Girman gonakin nan ka sa masa ido sosai. In ƙarfe ya daɗe a wuta mai tsanani gonakin suna haɗiye juna su yi girma, kuma ƙarfe mai manyan gonaki ya fi saurin tsagewa a ruwa.

Ka duba gefen tsagar ma a madubin. In ka ga farin ferait ya bi ta baki da baki, to kabon ya ƙone a wurin, wato tsagar tana nan tun ƙarfen yana cikin wuta, ko daga dukan masaba ko ma tun sifirin yana jikin mota, ruwa buɗe ta kawai ya yi. In babu wannan farin, matensait ya zo har bakin tsagar, to laifin tsomawa ne. Wannan kallo ɗaya ya fi mini takarda goma ta manyan na'urori.

Sai awon tauri. Na'urar Vickers tana danna ɗan dalan lu'ulu'u mai kusurwar digiri 136 a jikin ƙarfe, ka auna faɗin tabon. Sifirin da aka bari ya huce a toka zai ba ka wajen 200, wanda aka tsoma ya kama sosai zai haura 700. Kada ka danna wuri ɗaya ka tafi. Bi layi daga baki zuwa gindi, milimita-milimita, ka zana yadda lambar ke sauka.

Yanzu XRD. Tambayar da ta iya amsawa ita ce: wane irin jeri ne a nan, kuma nawa ne kowane? Jerin mai ƙwaya a tsakiya zai ba ka tsini a 44.7 da 65.0 da 82.3 in bututun jan ƙarfe ne. In wani ostenait ya rage bai juye ba, wanda yakan faru, za ka ga ƙarin tsini a wajen 43.5 da 50.5 da 74.5. A ƙarfen da ya huce a toka tsinin siri-siri ne. A wanda aka tsoma sun yi faɗi sun karkace, saboda matsi ya sa tazarar hawa ba ɗaya ba ce ko'ina. Bayan ɗumamawa faɗin ya ragu. Ka jera zane uku ɗaya bisa ɗaya, ka ga labarin kabon da idonka.

Amma akwai ramuka uku da ɗalibai ke faɗawa. Na farko bututun. Eksiren jan ƙarfe yana sa ƙarfe ya riƙa fitar da nasa eksiren ta ko'ina, ƙasan zanen ya cika da hayaniya, ƙananan tsinin ostenait su nutse. Bututun kobal, mai igiya 0.179, shi ya dace da ƙarfe, kuma da shi babban tsinin a 52.4 yake fitowa. Kafin ka biya ka tambayi mai na'ura wane bututu ne, in na jan ƙarfe ne ko akwai matatar da ke tare wannan hasken kafin ya shiga ma'auni. Ka rubuta amsar a littafinka, don kusurwa ba tare da tsawon igiya ba ba ta da ma'ana. Na biyu zurfi. Eksire ba ya shiga ƙarfe fiye da 'yan maikiromita, ko kaurin gashi bai kai ba. In ka kai gutsure da baƙin ɓawonsa na wuta, tsatsa ka auna. In kuma ka share shi da injin gurza har ya yi zafi, aikin injin ka auna. Fuskar da ka shirya wa madubin haske ita za ka kai. Na uku kwamfuta. Tana kwatanta tsinin da dubban katunan da ke rumbunta ta jero maka duk wanda ya yi kusa. Wata shekara wani ɗalibi ya kawo mini babinsa ya rubuta, da ƙarfin gwiwa, cewa samfurinsa yana ɗauke da kamasait. Kamasait haɗin ƙarfe da nikel ne da ake samu a duwatsun da ke faɗowa daga sama. Jerinsa irin na ferait ne, shi ya sa tsininsu suke faɗawa kusan wuri ɗaya, mai na'ura ya danna na saman jeri ya buga masa. Ka roƙi a ba ka ainihin lambobin a filashi, ka lissafa d na kowane tsini da hannunka. Tsini uku ne ko shida, ba aikin kwana ba ne.

SEM kuwa, madubin da ke share fuskar abu da siririn zaren ilektiron, amfaninta gare ka a fuskar karaya yake, domin tana ganin tudu da kwari a sarari inda madubin haske yake dushewa. Ƙarfen da ya miƙe kafin ya tsinke yana barin ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Wanda ya fashe ta cikin gonaki yana barin faffaɗan fuskoki masu zanen rafi. Wanda ya bi iyakar gonaki kuwa kamar dunƙulen gishiri yake, kowace ƙwaya da kusurwoyinta. Akwai ma'aunin sinadarai da ake haɗa wa madubin, mai na'ura zai so ya buga maka teburinsa. Karɓi na kiromiyam da silikon, amma lambar kabon da zai ba ka kada ka gina komai a kanta, yawancinta maiƙon hannu ne da dattin cikin na'ura.

Maganar inda za ka je, ba sai ka yi nisa ba. A nan Kaduna akwai ɗakin binciken duwatsu da ma'adinai na Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, akwai kuma hukumar neman albarkatun sarrafa ƙarfe ta tarayya. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen injiniyan ƙarafa, tana kuma da cibiyar binciken makamashi inda tukunyar nukiliya ta bincike take aiki tun 2004, ko da yake ita gano ƙananan sinadarai ne aikinta, ba jerin zarra ba. A Jos akwai cibiyar bunƙasa harkar ƙarafa ta ƙasa. Ka je da takarda daga sashenku, ka tambayi abin da ke aiki a wannan watan, don na'ura irin wannan tana da ranakun hutunta.

Tsarin gwajin kada ka faɗaɗa shi. Ganyen sifirin ɗaya tak, a yanka shi gutsure 18 masu girma ɗaya, kashi shida uku-uku: wanda ba a taɓa ba, na toka, na ruwa, na ruwan gishiri, na baƙin mai, da wanda aka tsoma a mai aka kuma ɗumama shi daga baya. In ka haɗa sifirin biyu ka rusa komai, ba za ka san bambancin daga ruwa ne ko daga ƙarfe ba. Kawu ne zai riƙe awartaki, ba kai ba, domin hannunsa kake nazari. Kai naka ka aro wayar awon zafi daga sashenku, ka rubuta zafin kowane gutsure, da daƙiƙun da ya yi a wuta, da zafin ruwan. Ruwan da ya kwana a randa da hunturu da na azahar ɗin watan Afrilu ba ɗaya suke tsomawa ba. A cikin 18 ɗin duka su sha madubin haske da awon tauri, huɗu kawai za su je wurin eksire, biyu wurin madubin ilektiron.

In ka ce in yi hasashe, ina zaton gaturan da ke tsagewa su ne waɗanda suka wuce ja suka shiga ruwan lemo kafin a tsoma, watakila da rana tsaka lokacin da hasken waje ke ɓoye launin ƙarfe, kuma za ka ga manyan gonaki da karaya mai bin iyaka. Hasashe ne, awonka zai iya ƙaryata ni. Don haka tun gobe ka roƙi kawu ya daina mai da fasassun gatura wuta, ya ajiye maka ko uku. Kada ka haɗa ɓangarorin biyu don ka ga ko sun dace, gogayyar tana share abin da za a duba. Kada ka taɓa fuskar karayar da yatsa, kada ka wanke ta da ruwa. Naɗe kowane ɓangare daban a busasshiyar takarda, ka rubuta ranar da lokacin da aka tsoma shi, da launin da kawu ya ce ya gani. Ka gaishe mini da shi.